Sarƙar Fairuz a Waziriyya

Nuraddeen maƙerin azurfa ne ya fara gano abin. Hajiya Zubaidatu ta kai masa sarƙar shagonsa da ke Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, don ya rage mata tsawo, saboda jikarta Shahad, wadda aka sayo wa tsarabar, siririn wuya gare ta. Nuraddeen ya juya sarƙar a tafin hannu, ya kai ta kusa da fitila, sannan ya ɗago ya dubi Hajiya ta saman tabarau.

"Hajiya, wa ya sayar miki da wannan a matsayin fairuz? Farin dutse ne aka rina. Ƙarfen ma ba azurfa ba ne."

Ta fisge sarƙar daga hannunsa. Tana dubawa ta ga bambancin. Wadda ta saya a tsibiri, dutsen tsakiyarta yana da wata jijiya ruwan ƙasa da ta ratsa shi a karkace, kuma saboda jijiyar ma ta ƙi duk sauran. Wannan kuwa sumul yake, shuɗi ɗaya kamar alewa.

"Ba ita ba ce," in ji ta. "Wallahi an canza mini."

Kafin la'asar labari ya gama layinsu a Waziriyya. Kowa ya san tafiyar. Ɗanta Mohannad ne ya kai ta yawon shaƙatawa a babban jirgin ruwan nan da ke tashi daga Jidda ya zaga tsibiran Bahar Maliya, tare da matarsa Wejdan da aminiyar Hajiya, Rabi'a. Kowa ya zo sannu da zuwa, an buɗe masa akwatin sarƙar daga nesa an rufe. Kuma kowa ya san wadda ke shiga ɗakin Hajiya da tsintsiya kullum: Hikima, mai aikin gidan, wadda ta zo umra da mahaifiyarta shekarun baya ba su koma ba. Ba ta da iƙama, wato takardar zama, ba ta da kafilin da zai tsaya mata.

Mohannad ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, cewa in aka sauko daga Juma'a sarƙar ba ta fito ba, zai kira shurɗa, 'yan sandan ƙasar. Babu wanda bai san abin da hakan ke nufi ga irin su Hikima ba. Tarhil ne, a sa mutum a jirgi a mayar da shi inda ya fito.

*

Washegari da safe Hikima ta ƙwanƙwasa ƙofar Mastura.

Mastura ta yi shekaru tana aiki da wani muɗawwifi, mai kula da alhazai, aikinta nemo alhazai mata da suka ɓace a Mina da Arfa. Daga silifa ɗaya da aka yar, ko daga abin da mai sayar da ruwa ya tuna, sai ta bi tsohuwa har inda take zaune tana kuka. Ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aikin, amma mutanen unguwa ba su bar ta ta huta ba. In abu ya ɓace kuma ba a son hukuma ta shigo, ita ake nema.

Hikima ta ƙi zama. Tana tsaye, ta kira ta Khala yadda ake kiran iyaye mata a nan, ta ce, "Khala, kowa cewa yake in gudu unguwar Khumra in ɓuya wajen 'yan garinmu. Ba zan gudu ba. In na gudu, na ce ni ɓarauniya ce da ƙafafuna. Kuma Inna tana kwance a Sa'alaba, ko juyawa ba ta yi sai an juya ta. In aka tafi da ni, wa zai ba ta ruwa?"

"Kin ɗauka?"

"Ban ɗauka ba."

"Kin taɓa buɗe akwatin?"

"Na buɗe. Na ji ana ta maganar sarƙa, na ce bari in ga abin da aka haye teku aka sayo. Na gani, na rufe. Na faɗa musu haka, sai suka ce ga shi nan ta amsa."

Mastura ta ɗan jima tana kallonta. Mai ƙarya yakan yi musun komai ne, har abin da ba a tambaye shi ba.

"Miƙo mini abayata," in ji ta. "Ki koma wajen mahaifiyarki, kada ki bar unguwar."

*

Hajiya Zubaidatu ta karɓe ta a falo ba tare da gahawa ba.

"Mastura, yanzu lauyar masu aiki kika zama?"

"Sarƙarki na zo nema, Hajiya. Ko kin fi son a kama yarinya a kan a samo miki ita?"

Hajiya ta taɓe baki, amma da aka tambaye ta yadda ta sayi sarƙar sai muryarta ta saki. Ta ce jirgin ya tsaya nesa da gaɓa, aka kwashe su a ƙananan kwale-kwale zuwa tsibirin. Ruwan wajen garau yake, kana ganin kifi a ƙasa. A bakin gadar da ake sauka akwai jerin rumfuna, masu kiran mutane da tsakiya da awarwaro da katantanwar teku, amma ita ko kallonsu ba ta yi ba. Ta hau gangare ita da Rabi'a zuwa wani shago na gaske, mai sanyi, mai gilashi, na wani dattijo. Ya fito musu da farantai cike da shuɗin dutse, zobba da 'yan kunne da abin hannu, wani kamar sama bayan ruwa, wani ya karkata zuwa kore. Ya nuna musu yadda na gaske yake da sanyi in an ɗora a kumatu. A nan ta ga mai jijiyar.

"Ya naɗe miki ita a ciki, ko a gabanki?" in ji Mastura. "Wasu a wajen naɗewa suke canza kaya."

"Ba a naɗe ba. A wuyana aka ɗaura mini, da ita na fito. Akwatin daban ya ba ni, babu komai a ciki. Yini guda tana wuyana ranar, cikin wannan zafi."

"A jirgi fa, ina kike ajiye ta?"

"A aljihun gado, cikin akwatinta."

"Wa ke kwana a ɗakin?"

"Ni da Rabi'a. Wejdan tana da katin ƙofar saboda maganina." Hajiya ta miƙe zaune. "Me kike nufi? Surukata da aminiyata kike zargi saboda wata da ban san asalinta ba?"

Mohannad, wanda ke jingine a ƙofa yana sauraro, ya ce, "Khala, halas, magana ta ƙare. Mun san wadda ta yi. Ta ga sarƙar, ta je kasuwa ta samo mai kama, ta musanya. Ba sai an wahalar da ke ba."

"Gwiwata ce, ya Mohannad, ni ke wahalar da ita. Ku ba ni ta bogin."

"Shaida ce fa."

"Shi ya sa nake so. Kafin Juma'a zan dawo da ita."

Uwa da ɗa suka dubi juna. Mastura ta bar hannunta a miƙe har sai da aka ɗora mata sarƙar.

*

Nuraddeen ta fara nema, don shi ma ya riƙe sarƙar. Bai ji haushi ba. Ya nuna mata teburin aikinsa, tsakaninsa da kujerar baƙi ko kamu uku babu, ya ce sarƙar ba ta bar idon Hajiya ba. Sannan ya juya maɗaurin ya nuna mata wani ɗan ƙaramin kifi da aka buga a jiki.

"Ban taɓa ganin wannan tambarin a Jidda ba," in ji shi. "Kayan masu yawon buɗe ido ne. Ana kwaikwayon na manyan shaguna, a sayar wa wanda yake sauri ya koma jirgi."

Mastura ba ta tsaya a kan maganarsa ba. Ta bi shagunan tsakiya da na ƙarau a Balad ɗaya bayan ɗaya, tana nuna kifin. Babu wanda ya san shi. Ta san hakan ba zai wanke Hikima ba. Mohannad zai ce akwai shagon da ba ta shiga ba, kuma gaskiyarsa, Jidda ba ta shiguwa a yini biyu.

*

Wejdan haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa sarai amma in ta buɗe baki rabi Larabci ne ke fitowa. Ta karɓi Mastura a ɗakinta na sama, hannunta na ta wasa da waya.

"Ranar tsibiri, kina tare da su a shagon?"

"La, ina bakin ruwa da Mohannad."

"Har aka koma jirgi?"

"Aiwa."

"Mohannad ya gaya mini ya yi barci a ƙarƙashin laima, ya farka bai gan ki ba."

Wejdan ta ajiye wayar. Can sai matar ta tashi ta rufe ƙofa, ta buɗe jakar kwalliya ta fito da wani ƙaramin zobe mai shuɗin dutse.

"Na Ummi ne. Na koma shagon ni kaɗai bayan sun fita. In Hajiya ta ji na saya wa uwata abu a tafiyar da ɗanta ya kai mu, sai ta yi wata tana faɗa. Wallahi ya Khala, shi ke nan abin da na ɓoye."

"Katin ɗakin fa?"

"Ina shiga in ba ta magani in fito. Kullum ɗaya daga cikinsu na ciki."

Mastura ta ce a nuna mata hotunan tafiyar. Sun yi yawa. Ga Hajiya a ƙofar shago cikin farar riga, sarƙa a wuya, har jijiyar dutsen ana gani in an buɗe hoton. Ga Rabi'a kusa da ita cikin farin mayafi mai tuntu a kowace kusurwa, ba ta murmushi. Ga Hajiya a saman jirgi ranar ƙarshe, da doguwar riga ruwan madara, rana na dukanta, gine-ginen Jidda sun fara bayyana a bayanta. A wannan hoton sarƙar ta yi nisa, ba a gane komai.

"Turo mini waɗannan ukun," in ji Mastura.

*

Rabi'a tana zaune a Sa'alaba, a wani tsohon gida mai tsakar gida kaɗan. Ita ce ta fi kowa karɓar Mastura da fara'a. Ta kawo shayi da dabino, ta tambayi gwiwa, ta tambayi jikoki.

"Yarinyar nan tana ba ni tausayi," in ji ta. "Amma rashi yana sa mutum abin da bai yi niyya ba. Na gaya wa Zubaidatu ta sallame ta kawai, a bar maganar shurɗa."

"Ke me kika sayo a tsibirin?"

"Ni? Ko allura. Muna fitowa daga shagon kaina ya fara sarawa, na bar ta a can na bi kwale-kwalen farko na koma na kwanta."

"Ke kaɗai kika sauko gangaren?"

"Ni kaɗai."

"Kin ga sarƙar da kyau a shagon?"

"Na gani." Rabi'a ta gyara kofin shayi a kan faranti. "Tana da kyau."

A hanyar fita Mastura ta sunkuya ta wuce ta ƙarƙashin igiyar shanya. Farin mayafin nan na hoto yana rataye a kai. Kusurwa uku da tuntunsu, ta huɗun kuwa an yanke ta an kalmashe da sabon ɗinki. Ta gani ta wuce. Mayafi yakan maƙale a ƙofar mota ya yage, ba abin mamaki ba ne.

*

Ta fito titi rana tsaka, ta tsaya jiran mota a inuwar da ba ta kai ta rufe ta ba. Sarƙar bogin na cikin hannunta, ta dunƙule ta tana ta juya maganganun da ta ji. Gumi na bin bayanta. Da motar ta tsaya, ta buɗe hannu za ta kama ƙofa, sai ta ga tafinta ya yi shuɗi, har cikin layukan fata.

"Yalla ya hajja, za ki shiga ko a'a?" in ji direban.

"Tafi abinka."

Ɗakin da Hikima ke haya bai da nisa daga nan. Ta same ta tana shafa wa mahaifiyarta mai a baya. Mastura ta gaida tsohuwar, sannan ta buɗe tafin hannunta a gaban Hikima.

"Da suka dawo, wa ya kwance akwatin Hajiya?"

"Ni, a daren... a'a, da yammar da suka iso. Ta ce in kwashe masu datti in wanke."

"Kin ga irin wannan launi a jikin wani abu?"

Hikima ta zuba wa hannun ido. Sai ta ajiye kwalbar man a hankali.

"Rigarta ruwan madara. A wuyan rigar, zagaye, kamar an zana da alli. Na wanke ya ƙi fita, na sake wankewa ya ƙi. Na ji tsoron ta ce ni na haɗa ta da wani kaya ya zuba, sai na ninke ta na tura ƙasan kabad."

"Farar rigar fa, mai aiki a hannu?"

"Wannan tas take."

Mastura ta zauna a bakin katifa, ta miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Gobe da safe ki zo gidan Hajiya. Ki shigo ta ƙofar gaba."

*

Ranar Juma'a da hantsi kowa ya hallara a falon Hajiya Zubaidatu. Mastura ta riga ta aika cewa duk wanda ya yi tafiyar ya zo da kayan da ya sa ranar tsibiri. Ga Rabi'a kuwa ta ƙara da cewa, har da mayafin da na gani a igiya. Mohannad na zaune cikin farar taguwar masallaci, waya a kan cinya. Wejdan ta rakuɓe a ƙarshen kujera. Maƙwabta mata biyu sun shigo da sunan gaisuwa sun ƙi fita. Hikima ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ba ta nemi wurin zama ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

Mastura ta sa aka kawo ruwa a kofi da farin ƙyalle. Ta jiƙa ƙyallen ta goga a duwatsun sarƙar bogin, ta ɗaga. Ya yi shuɗi.

"Wannan sarƙa tana barin sawu duk inda ta haɗu da gumi," in ji ta. "Wejdan, je ki kabad ɗin Hajiya, can ƙasa, akwai riga ruwan madara. Ɗauko ta, ki haɗo da farar nan da ta sa a tsibiri."

Aka shimfiɗa rigunan biyu a kan kafet. Farar babu ɗigo a jikinta. Ɗayar kuwa shuɗin zagaye ne a wuya, ya koɗe amma yana nan.

"Hajiya, farar kika sa ranar da kika sayi sarƙa, kika yini cikin rana, ba ta zuba ba, don ta gaske ce a wuyanki. Wannan kuwa yaushe kika sa ta?"

Mastura ta miƙa mata hoton saman jirgi.

"Ranar dawowa," in ji Hajiya a hankali.

"Kin sake sa ta a nan gida?"

"A'a."

"To ta bogin tana wuyanki tun kina kan ruwa. Mohannad, kai ka sayi tikitin tafiyar. Gaya mini, da wace takarda Hikima ta hau jirgin?"

Idon Mohannad ya koma kan matarsa, Wejdan ta fara girgiza kai tana cewa la wallahi, la wallahi.

"Ba ita ba ce," in ji Mastura. "Duk wanda ya sayi ta bogin, a rumfunan bakin gada ya saya, kuma sai ya ɓoye ta a jikinsa ya hau kwale-kwale cikin rana. Wejdan jaka take riƙewa, na duba cikinta, babu komai. Akwai wadda ba ta da jaka a hoton ranar. Irinmu tsofaffi, in ba mu da jaka, a bakin mayafi muke ƙulle abu. Rabi'a, miƙo mayafinki."

Rabi'a ba ta motsa ba. "Ƙofar mota ce ta ci shi."

"To miƙo mu gani."

Ta cillo shi. Mastura ta ɗaga kusurwar da aka ɗinke ta saita da hasken taga.

"Kin yanke inda ya fi rinewa. Amma ƙulli yana naɗo ƙyallen da ke samansa."

Saman sabon ɗinkin, da ɗan tazara, akwai shuɗi siriri mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Matan nan biyu suka matso suka gani, ɗaya ta dafe ƙirji.

"Rabi'a," in ji Hajiya Zubaidatu. "Ki ce ƙarya ne."

Rabi'a ta miƙe tsaye. Ta sa hannu biyu a bayan wuyanta, ƙarƙashin ɗankwali, ta kwance wani abu, ta jawo shi ta wuyan riga. Sarƙar ce, da jijiyarta ruwan ƙasa. Ba ta miƙa wa kowa ba, ta riƙe ta a sama.

"Ba ƙarya ba ne. A wuyana take tun muna jirgi, kuma ban ji nauyinta ba. Wa ya fara ganinta a farantin nan, Zubaidatu? Wa ya ɗaga ta ya ce wa dattijon wannan nake so? Na ajiye ta in gyara mayafi don a ɗaura mini, kika miƙo hannu ta gabana kika ɗauka, kika ce ai Rabi'a irin wannan ba zai karɓe ki ba. A gaban mutumin kika faɗa. Tun muna 'yan mata haka kike yi mini, ina shiru, don ke ce mai gida babba, ke ce mai ɗa mai kai mutane teku. Na sauko gangaren nan ina kuka, na ga irinta a rumfa, na ce ke ai ba dutsen kike so ba, so kike a ce kin saya. Kuma gaskiyata. Kin sa ta a wuya, kin nuna wa layi gaba ɗaya, ba ki gane ba sai da maƙeri ya gaya miki."

Ta saki sarƙar ta faɗi a kan cinyar Hajiya.

"Ni kuma fa, Khala Rabi'a?" Muryar Hikima ce. "Ni me na ɗauke miki? Gidanki da ɗakinmu lungu ɗaya ne ya raba. Kin san halin da Inna ke ciki."

A nan ne kawai Rabi'a ta kawar da kai. "Na ce a sallame ki kawai. Ban ce a kira kowa ba."

"Amma kin ce rashi ne ya sa ni."

Mohannad ya ɗauki wayarsa a hankali ya zura a aljihu. Hikima ta gani.

"Ya ka ajiye? Ai ga mai laifin. Kira shurɗar mana, ya Mohannad, Juma'a ta yi."

"Hikima, wannan maganar gida ce..."

"Jiya ma maganar gida ce."

Hajiya Zubaidatu ta share ido da gefen hannu, ta tattaro abin da ya rage mata na murya. "Ma'alesh, 'yata. An yi kuskure. Ki koma bakin aikinki, a rufe maganar nan a ɗakin nan."

"Ba zan koma ba, Hajiya, kuma ba na son a kama kowa saboda ni. Na san yadda jiran kamu yake. Amma maganar ba a ɗakin nan aka buɗe ta ba. Babu gidan da sunana bai shiga ba a layin nan. Gobe in na je neman aiki, ƙofa za a rufe mini. Ki tashi mu je ki faɗa musu da bakinki. Ba sai kin ambaci sunan kowa ba, nawa kawai."

"Ni? In bi gida-gida?"

"Ummi ba za ta yi wannan ba," in ji Mohannad.

"To kai ka yi," in ji Mastura. "Kai ka yi shelar a bakin ƙofa. In kuwa babu mai yi a cikinku, ni zan bi gidajen, kuma ni ban iya taƙaita labari ba."

Rabi'a ta ɗauki mayafinta ta fita ba sallama, kuma daga ranar ba ta sake taka gidan ba. Hajiya ta dubi sarƙar da ke cinyarta, ta ɗauke ta ta ajiye a kan tebur, ta ce wa Wejdan ta kawo mata abaya.

Suka fito su uku, Hikima a gaba, Hajiya a tsakiya, Mastura a baya tana jan ƙafa. Maza sun fara wucewa masallaci da dadduma a kafaɗa, suna rage tafiya suna kallo. A ƙofar farko matar gidan ta leƙo da ludayi a hannu.

Hajiya ta dubi ƙasa ta ce, "An ga sarƙar. Ba Hikima ba ce."

"Ba ta ji ba, Hajiya," in ji Hikima.

Hajiya Zubaidatu ta ɗago kai. Ta dubi matar, ta dubi mazan da suka tsaya a titi.

"Na ce Hikima ba ta ɗauki komai nawa ba. Ni na yi mata ƙazafi."

Hikima ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta wuce ta ƙwanƙwasa ƙofa ta gaba.